Tura Motar Da Ta Ci Yaya Hamisu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Hamisu, kuma har yau in na ji ana kiran a zo a tura mota gabana faɗuwa yake yi.

Shi ne direban motar ɗaga kaya a wata magazar aya, wato ɗakin ajiyar kaya, a Gazawa. Mota ce mai ƙahonin ƙarfe biyu a gaba, da manyan tayoyi masu cin rairayi, tana juyawa a wurin da amalanke ma sai an yi dabara. Amma da ƙafafun baya take karya kwana, ba na gaba ba. In kanta ya yi dama, gindinta sai ya share hagu da nauyinsa duka. Kullum Yaya yana faɗa mana haka, muna yi masa dariya wai ya mai da ƙarfe jaki mai harbi.

Mu kuwa mun tashi a kan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamiyo, wato babbar motar kaya, ko taksi, in ya kafe a yashi, abin kunya ne namiji ya tsaya kallo.

Ranar an yi ruwa da safe. Yaya ya ɗaga buhunan aya sama zai ɗora a kamiyo, sai motar ta kafe a bakin wani kwazazzabo. Mu shida muka ruga bayanta muka sa kafaɗa. Na ji Yaya yana ihu, na ɗauka ƙarfafa mana gwiwa yake yi, ashe cewa yake mu bar bayanta. Tayoyin suka kama ƙasa a lokaci guda. Da ya karya dama, da ya tsira, amma da gindin motar ya niƙe mu a jikin kamiyon. Bai karya ba. Ta gangara ta kife da shi, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Garin neman gira muka rasa ido, kuma ni na fara kiran mutane a zo a tura. Wannan ban taɓa faɗa wa matarsa ba sai yau da nake rubutawa.

Yanzu an kawo sababbi masu juya ƙafafu huɗu, har da ƙara in za su ja baya. Da Yaya ya gansu, na san zai shafa su ya yaba, sannan ya tambaya ko mutanen sun canza.

Makon jiya a kasuwar Gangara irin motar Yaya ta kafe, majiya ƙarfi suka yi bayanta. Ban san lokacin da na sha gabansu ba.

Wani dattijo ya ce, “Malam, ba ka turawa kuma ka hana a taimaka?”

Na ce, “Baba, ku yi haƙuri ku bar bayanta. Mai ita zai fid da ita.”

Suka ja baya suna harara ta. Direban ya sauke kayan ƙasa, ya murza, gindinta ya share daidai inda suke tsaye ɗazu.

Yaya bai bar gida ko gona ba. Gargaɗin nan ya bari, wanda na ji bayan ya makara. Allah Ya gafarta masa, ni ma Ya yafe mini.