Ranar da Muka Ɗauki Jinkar Habboba

Lokacin da nake yaro, idan mutum ya hau bayan motar kaya yana dawowa daga gonakin Gadambaliya, abu biyu yake fara hangowa na garinmu Gadarif: manyan rumbunan simintin nan da ake zuba dawa, sai kawunan ɗakunan ciyawa, tsini-tsini, har iya ganinsa. Rumbunan suna nan daram. Ɗakunan ne suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari a layinmu saura guda tak, na kakata ta wajen uba, wadda muke kira Habboba kamar yadda 'ya'yan Larabawa maƙwabtanmu suke kiran tasu.

Guttiyya ake ce wa irin ɗakin a nan. Mahaifinta ne ya kafa shi sa'ad da ya iso garin a ƙafa daga ƙasar Haɗeja, ita tana goye a bayan uwarta, za su Makka. Guzuri ya ƙare, aka ce a tsaya a yi noman damina ɗaya a ƙara gaba. Daminar nan ce ba ta ƙare ba har yau. An baibaye ɗakin ba adadi, an sauya itatuwan da gara ta cinye, ni dai ban yarda akwai ko tsinke ɗaya na hannun tsohon a jikinsa ba. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabanta.

Tsofaffinmu ba sa ginin bulo, kuma ba rashi ne yake hana su ba. Cewa suke yi matafiyi ba ya gini. Wanda ya ɗora bulo a kan bulo ya shaida wa Allah cewa ya iso, ya ajiye niyya ke nan. Wanda kuwa ajali ya riska yana kan hanyar ɗakin Allah, suna sa ran a rubuta masa ladan aikin ko bai kai ba. A kan wannan uban Habboba ya rasu, a kansa mijinta ya rasu, ita ma a kansa take son ta cika.

Na sha tsokanarta. In ce, "Habboba, wace irin matafiya ce ta san akuyar kowa a unguwa?"

Sai ta ɗaga mafici kamar za ta kwaɗa mini. "Tafi can, mijin banza. Da kai namiji ne da tuni ka goya ni ka kai ni."

Yayana ne ya so ya kai ta da gaske. Ya yi shekaru yana aiki a Jidda, ya sauke farali, ya dawo da nufin ya ɗora ta a jirgi. Likita ya duba ta ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki wannan tafiya ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Cewa kawai ta yi, "Halas, shi ke nan, sai in jira a nan bakin hanya."

Abin ya tsaya wa Yaya a rai, sai ya nemi ya huce a kan siminti. Ya sa aka haƙa tushe mai zurfin gaske, don baƙar ƙasar garin nan ba ta da mutunci, da rani ta dare, da damina ta kumbura ta tsaga bango. Ya tayar da ɗaki a tsakar gida, da fanka da tagar gilashi, yana ce wa kowa na baƙi ne. Ranar da aka gama ya durƙusa ya miƙa mata makulli. Ta shiga ta shafa bango, ta ce, "Kwayyis, ya yi kyau, ma sha Allah, Allah ya yi maka albarka." Washegari muka tarar ta sa an jera buhunan riɗinta a ciki, kazarta kuma ta sami wurin kwanci a ƙarƙashin fanka. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Yaya kuwa ya yi kwanaki ba ya cin abincin gidan.

Ana nan sai maganar titi ta taso. Ni ina cikin masu murna, ba zan ɓoye ba, don da damina layinmu ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shiga, kuma takalmana da laka ta haɗiye Allah kaɗai ya san yawansu. Ma'aikata suka zo suka auna, suka shafa jan fenti. Layin fentin ya yanki kusurwar gidanmu, ya bi ta tsakiyar ɗakin Habboba.

Yaya ya ce, "To, Allah ya raba gardama."

Ita kuwa ta tashi ta shige ɗakinta. Da la'asar na leƙa na same ta tana ƙulle kayanta a zane, tasbaha da ƙwaryar fura da tsohuwar butar ubanta.

"Ina zuwa kuma, amarya?"

"Garin Mafaza, wajen 'yar ƙanwata. Can har yanzu mutane suna kwana a ƙarƙashin ciyawa. Ya waladi, ɗana, ban ƙi ɗakin yayanka don raini ba. Amma ubana ya ajiye ni a nan ne a kan za mu wuce. In na shiga bulo, me zan ce masa?"

Ranar nan tsoro ya kama ni. Na san idan ta tafi ba za ta dawo ba, ga nisa da likitanta, ga shi gidanmu ba ita ba gida ba ne. Na je na faɗa wa Yaya yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya saurare ni har na gama. Can ya miƙe ya ɗauko guduma, ya nufi rumfar kwanon da yake ajiye motarsa, motar da ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta. Nan ne kaɗai fili ya rage a gidan. Kafin magariba ya kwance rumfar, mota ta koma kwana a waje.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ya kira gayya, abin da a nan muke ce wa nafir. Ranar Juma'a da hantsi gida ya cika, namu da Larabawa da Habashawan da ke haya a bayanmu. Mata suka ɗora asida, tuwon nan garin, ƙamshin gahawa ya gauraye layi. Aka fara kafa dirkoki a sabon wurin, aka kewaye da zana. Dattawa suna ba da umarni da Hausa, samari suna amsawa da Larabci, rabinsu ba su taɓa shiga ƙarƙashin jinka ba sai ranar. Aka kwance igiyoyi, muka jeru muka sa kafaɗa, wani tsoho ya ja salati, muka ɗaga.

Kai, ashe haka take da nauyi! Kunkunniyar shekara da shekaru ta zubo mana a ka, ƙadangaru suka yi ta dirowa, wani saurayi ya kurma ihu ya saki gefensa, jinka ta karkace, dattawa suka yi masa caa. Muka bi tsakar gida da ita muna tangaɗi kamar masu maye. Yaya yana gabana, farar jallabiyarsa ta koma kamar gindin tukunya. Da muka dire ta a kan dirkoki ta zauna daidai, mata suka rangaɗa guɗa.

Duk wannan bidiri Habboba tana zaune a gadon igiya a gindin darbejiya, ƙullin kayanta a cinya. Da aka gama ɗaure-ɗaure ta miƙa wa Yaya hannu, ya tashe ta. Ta dubi da'irar ƙasa mai santsi inda ɗakin yake dā, ta dubi inda yake yanzu, ta sake dubawa.

"Kai, ta ina liman yake fuskanta daga nan?"

Yaya ya nuna mata. Hannunsa ya tashi daga tsohon gurbin ya bi ta kan sabon ɗakin. Shi kansa sai a lokacin ya lura.

"Ashe gaba muka yi," in ji ta. "Alhamdu lillahi, mun ɗan rage hanya."

Yaya ya juya baya ya share ido da baƙin hannunsa, fuskar ta ƙara dagulewa. Ita kuwa ta turo mini ƙullin da ƙafa.

"Kwance mini, mijin banza. A nan za mu yada zango."