Na'ibi da Tukunyar Sarakunan Koriya

A unguwar Karantina ba a rasa masu ji da kai, amma Na'ibi ya kere su duka, kuma shi ne ya fi su rashin dalili. A nan Jidda aka haife shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya sauke farali, hanyar komawa ta gagara, sai ya kafa tukubar tsire a bakin unguwa. Uban Na'ibi ya gaji tukubar ya riƙe gida da ita har ya rasu. Larabawan Balad, tsohon cikin gari, ma sukan aiko a saya musu. Da gadon ya faɗo hannun Na'ibi sai ya ce hayaƙi na ɓata masa ido, ya sakar wa wani maƙwabcinsu, Ubale, mutum mara yawan magana.

Daga nan ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya ce ba ajinsa ba ne. Ya yi gadi a unguwar Nuzla, nan ma ba ajinsa ba. Ajin nan dai har ya yi furfura ba a gano inda yake ba. Matarsa Mastura ce ke soya gyaɗa tana ƙulla yaji a ƙofar gida, da haka ake ɗora tukunya, shi kuwa yana kishingiɗe yana gyara mata yadda ake magana da masu saye.

Da arzikin mai ya buɗe, kamfanonin Koriya suka cika Jidda da aikin titi, Na'ibi ya samu shiga kicin ɗin wani sansaninsu a bayan gari. Aikinsa wanke-wanke da kwashe shara. A unguwa kuwa cewa yake shi ne mataimakin babban kuku. Ya koyo sunkuyo irin nasu, har mai sayar da gawayi yake sunkuya wa, don a tambaye shi ina ya samo wannan.

Wata rana manyan kamfanin suka zo daga ƙasarsu, babban kuku ya fito da wata tukunyar tagulla mai gindi, da bututu a tsakiyarta. Ya shimfiɗa dafaffen nama a ƙasa, ya jera yankakken farin ƙwai da gwaiduwa, da kifi, da hanta, da karas, da ganye, da wani abu mai kama da laimar kwaɗi, kowane launi a gefen ɗan'uwansa, kewaye da bututun. Ya zuba romo, ya rufe, ya cika bututun da garwashi. Haka ya kai ta gaban manya tana tafasa, ya ajiye, ya sunkuya, ya ja da baya bai ce uffan ba. Na'ibi na leƙe ta ƙofa. Wani direba ya ce masa sunan abin shinsollo, kuma a da sai a fadar sarakunansu ake cin sa.

Kalmar sarakuna ita ta gama da Na'ibi. Bai ɗanɗana ba, don bai san wanda ya yanka naman ba, kuma a nan ya yi daidai. Wautarsa ita ce ya ɗauka wanda ya leƙa ta ƙofa sau ɗaya ya iya. Da aikin titin ya ƙare aka tashi sansanin, kukun ya ba shi tukunyar, don ta lotse a gefe kuma ya ga kullum yana shafa ta. Na'ibi ya kawo ta gida a naɗe cikin bargo, ya yi ta gogarta da toka da lemon tsami har tana ɗaukar ido.

Mastura ta dube ta ta ce da mijin, "Abu Rafi'u, wannan kaskon turare ne ko na shayi?"

"Ke dai gyaɗa kika sani. Abincin muluk ake yi a ciki, abincin sarakuna."

A lokacin akwai wani shago da ya zama fanko a unguwar Ammariyya, na wani dattijon 'yan'uwa Hausawa haifaffen Jidda, Abdulghaffar, wanda kowa ke kira Ammi, wato baffa. Mutum ne mai farin gemu, mai son a girmama shi. Mutum biyu ke neman shagon: Ubale, da yake so ya ɗaga tsirensa daga bakin hanya, da Na'ibi, da zai buɗe gidan abincin sarakuna. Na'ibi ya san in shagon nan ya kuɓuce masa, ba sauran wata ƙofa, sai zama a inuwar gyaɗar Mastura har mutuwa. Wannan ne karo na farko da ya so wani abu da gaske, har ya rame.

Ammi ya ce, "Tsiren Ubale na sani tun zamanin ubanka. Naka ban sani ba. Yom al-juma'a bayan salla zan zo da mutanena, mu gani."

Na'ibi ya aro darduma. Ya sayo kifi a kasuwar Bangala, duk inda ya rasa abin Koriya kuma sai ya cike da gyaɗar Mastura. Tun hantsi yake yanka yana jerawa, yana ja da baya yana karkata kai. Jerin ya yi kyau, wannan ba a hana shi. Mastura ta ce ya kawo ta ɗanɗana romon, ya ce ba a sa baki a abincin sarki kafin sarki. Ta ce to shi ya ɗanɗana, ya ce kukun bai yi haka ba. Ta koma wajen gyaɗarta.

Baƙi suka zo da yunwarsu, aka zaunar da su, aka ba su shayi. A tsakar gida Na'ibi ya rufe tukunya ya zuba garwashi a bututu. Sai ya ji gawayin na ɗan ƙauri, ya ga bai kamata hancin Ammi ya shaƙi wannan ba. Ya shiga ɗakin Mastura ya gutsuro itacen turarenta ya jefa a kan garwashin. A ransa ya ƙara wa sarakunan Koriya abin da suka manta.

Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san ba a fito da turaren wuta sai an ci an sha an wanke hannu. In kasko ya zagaya, an sallami baƙo ke nan. Na'ibi ya san wannan tun yana rarrafe, amma a ranar kansa na can Koriya.

Ya shigo da tagulla tana ƙyalli, hayaƙin turare na tashi ta bututu. Ya ajiye gaban Ammi, ya sunkuya, ya ja da baya, ya yi gum yadda kukun ya yi. Ammi ya dubi tukunyar, ya dubi dardumar da ba ko faranti a kanta, fuskarsa ta canza. Amma dattijo ne mai kiyaye al'ada. Ya matso, ya kai gemunsa kan hayaƙin, ya fifita shi da hannu cikin rigarsa, ya yi salati. Na kusa da shi ma ya yi haka. Na'ibi na tsaye a sunkuye, zuciyarsa fal murna, wai ƙanshin girkinsa ne ya sa manya fifita hanci.

Sai da ya ga Ammi ya miƙe yana neman takalmi sannan bakinsa ya buɗe.

"Ya Ammi, ai ba a fara ba. Hada akil, abinci ne."

Ya kai hannu ya fizge murfin, ya ƙone yatsu, murfin ya faɗi yana ƙara. Ga kifi da ƙwai suna tafasa. Wani daga cikin baƙin ya kasa riƙe dariya. Ammi ya shafa gemunsa ya ji danshin romo. Da kora ce kawai, da wataƙila ya yafe. Amma a ce mutanensa sun ga ya turara gemu a kan tukunyar miya, wannan ba ya yafuwa.

"Halas, ya waladi, shi ke nan ɗana. Mun ƙoshi. Yalla, mu tafi," ya ce, ya juya ga mutanensa. Daga nan tukubar Ubale suka nufa.

Na'ibi ya zauna shi kaɗai a kan dardumar aro, ya ɗebi romon da cokali. Ranar ya fara sanin ɗanɗanon abincin sarakuna: ruwan zafi mai ɗacin turare, ba ko gishiri. Hawaye ya zo masa, ya ce hayaƙi ne. Mastura ta tsaya a bakin ƙofa, tausayi da haushi suna cinta.

"Ko tsiren ubanka sai da ya sa a baki kafin ya miƙa wa mutane," ta ce. Ta kwashe kifin ta wanke, ta sake dafa shi da yaji, yara suka ci.

Ubale ya samu shagon. Bayan wani lokaci ya aiko a tambayi Na'ibi ko zai zo ya riƙa fifita wuta, Na'ibi ya ce ba ajinsa ba ne, sannan da sati ya zagayo ya je. Tukunyar kuwa ta yi suna fiye da yadda ya yi mata fata. Matan unguwa suka gano ba kaskon da ya kai ta riƙe garwashi, sai ya zama duk mai biki ko suna a Karantina, in baƙi suka yi nauyin tashi, akan ce a je gidan Na'ibi a aro ta sarakuna. Shi yake kai ta da kansa, a naɗe cikin bargo, kuma har ya tsufa bai daina gaya wa masu aron cewa asalinta ta abinci ce ba. Sukan ce masa sun sani, ya ajiye a can kusa da takalma.