Baba Idi mai ƙwanƙwasa goshi ya tafi

Da safen nan ina buɗe shagona na cajin waya a tashar Kankia aka ce mani Baba Idi direba ya rasu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Yanzu na dawo daga jana'izarsa a Yashe, kuma abin da na gani can ba zai bar ni in yi shiru ba.

Kun san ni da zuciya. Ranar da na ɗauko benci zan rotsa wa wani kwandasta, Baba Idi ne ya riƙe mani hannu.

"Kai, ɗan nan, zauna. Kan naka za ka buga, ba nashi ba."

Ya sa yatsu biyu yana ƙwanƙwasa girarsa a hankali, sai gefen ido, ƙarƙashin hanci, haɓa, ƙashin wuya. Ya ce in yi, ina cewa: "Raina a ɓace yake, amma ban ƙi kaina ba."

Na ce, "Baba, wannan wane irin tsibbu ne?"

Ya ce wata nas ce ta koya mashi bayan ya yi hatsarin mota. "Ba ya hana shan magani, ba ya hana addu'a. Hannu yake ba wa aiki kafin zuciya ta sauko."

Na je na bi na karance abin a waya don in kama shi da ƙarya. Na ƙare ina yi kullum.

Direbobi kuwa dariya suke mashi, wai yana ƙwanƙwasawa ya ji ko akwai kowa a ciki.

Shekaranjiya ya kawo caji. Ya ce, "Yaya bencin?" Na ce yana nan lafiya. Ya ce, "Ka bar shi a ƙasa, na zama ne."

Yau a maƙabarta, ana zuba ƙasa, wani ya ce a bayana, "To, bugun goshin dai bai hana ba."

Jini ya hau mani ka. Wallahi saura kaɗan in shaƙe mutum a bakin kabarin wanda ya raba ni da dambe. Na dunƙule hannu, sai na buɗe shi na kai gira.

Ina ɗagowa, me zan gani? Direbobin nan masu dariya, sun sunkuyar da kai, hawaye na zuba, kowa yatsunsa na aiki a ƙashin wuya. Har kwandastan da na so rotsa wa benci! Ashe duk a ɓoye suke zuwa wurinsa.

Mai maganar ya tafi gida da haƙoransa cif.

Allah ka jiƙan Baba Idi, ka sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya mana zukata. Wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce da laik kawai, ya ɗaga hannu ya yi mashi addu'a.