Ranar da Muka Kai Gara

Ban taɓa kiran sunan 'yata ba. Ita ce ta fari, kuma a wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Uwarta ta rasu tana ƙarama, biyun da aka haifa bayanta ma ba su zauna ba. Na sake aure bai yi ƙarko ba, sai gidan ya koma daga ni sai ita. Tana dafawa ina ci, ina noma tana zuwa makaranta. Hirarmu ba ta wuce ta gero da awaki.

Da ta gama sakandare sai ta faɗa wa gwaggonta, wato ƙanwata, wanda take so. Malamin firamare ne a wani ƙauye bayan Bici. Na bincika ban ga aibunsa ba. Nisa kawai na gani, don mu muna nan kusa da Zakirai, su kuwa sai an ratsa birnin Kano an ɓulla. A watan da aka sa rana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ita ce take karanta mini takardar asibiti da rubutun jikin buhun taki, na kuma san tafiya za ta yi.

Aka ɗaura aure, wana ne ya ba da ita. Mata suka raka ta da guɗa, ni ina zaune a ƙofar gida ina amsa "Allah ya sanya alheri". Uba ba ya kai amarya. Ban ga ɗakinta ba, ban san ina ƙofar gidan take kallo ba, ban san ko rijiyarsu tana kusa ba. Sau ɗaya ta kira ni ta wayar mijinta. Ta ce, "Baba, ina kwana?" Na ce lafiya. Ta ce yaya awaki, na ce suna nan. Daga nan wayar ta katse. Abin da nake so shi ne in gan ta da idona, in ga ko ta rame, amma ba maganar da namiji zai buɗe baki ya faɗa ba ce.

Da sati ya zagayo aka shirya kai gara, wato kayan abincin da gidan amarya suke kai wa gidan miji. Na auna gero da masara da shinkafa, ƙanwata ta yi alkaki da nakiya, ta haɗa daddawa da kuka da man gyaɗa. Ana gobe za a tafi, abokaina uku suka same ni bayan la'asar ina ba awaki harawa. Akwai Direba, mai akori-kurar da za ta ɗauki kayan. Akwai Tela, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu. Sai maƙwabcina, wanda kakansa da kakana wa da ƙane ne tun suna addinin gargajiya. Gidansu suka shiga coci, namu suka musulunta, danga ɗaya ce har yau tsakaninmu.

Tela ya ce, "Ɗalibi, ajiye harawar nan. Gobe yawon buɗe ido za mu."

Na ce, "Ina?"

"Dutsen Dala. Daga nan madatsar ruwan Bagwai. Ka tsufa ba ka taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari ba, abin kunya."

Direba ya ce, "Mota dai za ta bi hanyar, ko da ku ko ba ku. Mai ɗaya zan ƙona."

Maƙwabcina kuwa yana ta duba kofaton wata akuya kamar shi ya kawo shi. Duk mun san ƙauyen yarinyar yana tsakanin Bici da Bagwai. Babu wanda ya ambata. Na ce to, idan don ruwan ne zan je.

Da hantsi muka tashi. Ƙanwata ta zauna gaba kusa da Direba, mu uku muka hau baya muka jingina da buhuna. Farkon kaka ne, an gama yankan gero, dawa tana tsaye ta yi ja. Daga garinmu har Gezawa babu inda ido zai sauka bai ga gona ko rumbu ko mutum ba. Wanda ya hau bayan akori-kura baya yake kallo, ba ya ganin gari sai ya wuce shi. Na yi ta ƙoƙarin karanta allunan bakin hanya, amma kafin in haɗa baƙi biyu allon ya ƙanƙance.

Tela ya lura. Ya ce, "Me aka rubuta a wancan?"

Na ce, "Ya fara da ba."

"To madalla. In mun dawo ka karanta sauran."

Maƙwabcina ya ce, "Kai da ka iya karatu, me ya hana ka karanta awon wandona? Har yau ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafarka ce ba daidai ba, ɗan'uwa. Ka kai ƙara wajen wanda ya yi ta."

Na yi dariya tare da su. Hannuna yana kan buhun geron, ina tunanin wanda zai sussuka mini na bana.

A birni Direba ya bi da mu ta gadar sama, ya sake zagayowa ya bi ta gadar ƙasa don kawai mu gani. Ƙanwata ta leƙo ta taga ta ce, "Wai gara muka ɗauko ko 'yan makaranta? Alkakin nan fa zai karye!" Duk da haka muka tsaya a gindin Dala, ita ta zauna gadin kaya. Muka hau muna haki. A sama Tela ya fito da waya ya yi ta ɗaukar hoto, shi da birni, shi da Direba, shi shi kaɗai ya karkace hula. Direba yana nuna mana kasuwa da masallatai da inda ya taɓa yin karen mota. Ni na zaga ta ɗaya gefen, na tambayi wani mutum ina ne hanyar Bici. Ya nuna da haɓa. Na duba, rufin kwano ne kawai iyakar gani, can ƙarshe kuma wani ɗan kore-kore.

Muka wuce Dawanau da manyan motocinta, muka yi azahar a Bici, maƙwabcina yana jiranmu a inuwa yana cin rake. Daga nan muka kama hanyar Bagwai. Wajen wata mararraba na ji Direba ya sassauta, ƙanwata ta nuna wata 'yar hanyar burji da hannu, sannan muka wuce. Ban tambaya ba. Na dai riƙe wajen da ido: bishiyar ɗorawa, rumfar mai faci, da wani allo.

Ruwan madatsar yana da yawa, gaskiya ne. Ban taɓa ganin irinsa ba. Masunta suna can tsakiya cikin kwale-kwale kamar ƙudaje a kan nono, a ƙasa kuma fadama ce shar da shinkafa. Direba ya wanke fuska, ya ce da a garinmu ruwan nan yake da ya daina tuƙi. Na tsaya a baki ina kallo. Da uwar yarinya tana da rai da na ba ta labari. Da yarinyar tana gida da na ce mata, "Ke, ashe akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa," ta ce, "Baba, ai mun karanta shi." Yanzu in na koma sai dai in gaya wa awaki.

Nan Tela ya jawo ni gefe, sauran biyun suka biyo.

Ya ce, "Saurara. Buhunan nan sai an shigar da su har tsakar gida. Ka naɗa rawanin Direba, ka ja shi har hanci, ka ɗauki buhu ɗaya. Wa zai kalli ɗan dako? Ka ajiye a ƙofar ɗakinta, ka ɗaga ido sau ɗaya, ka fito."

Direba ya ce, "Wallahi dabara ce. Ranar ɗaurin aure mutum nawa suka gan ka? Kana can lungu kamar kai ne amaryar."

Zuciyata ta so abin. Har na karɓi rawanin na riƙe. Na dubi maƙwabcina, don shi ya aurar da 'ya'ya mata uku.

Ya ce, "Zai yiwu ba a gane ka ba. In kuwa tsohuwa ɗaya ta gane ka, shi ke nan. Kai za ka hau mota ka tafi. Ita ce za ta zauna da su."

Na san abin da yake nufi. Za a ce uban amarya ya kasa haƙurin sati guda, ya yi shigar ɗan dako ya leƙo ɗakin 'yarsa. Matan gida za su yi dariya a bakin rijiya, a gidan suna, a wajen daka. Za ta haihu, 'ya'yanta su girma, ana ba su labarin. Yarinyar da ba ta da uwar da za ta kai wa kuka.

Na miƙa wa Direba rawaninsa. Na ce, "Ku sauke ni a mararraba."

Tela ya ce, "Haba, Malam! Duk wannan tafiyar?"

Na ce, "Ai na ga ruwa."

Suka sauke ni a gindin ɗorawar. Na bi motar da ido tana tangaɗi a kan burji har dawa ta rufe ta. Mai facin ya turo mini benci, ya ce, "Baba, kai ma na gidan bikin malam ne?" Na ce a'a, kallon ruwa muka zo. Ya koma kan tayarsa.

Mata suka riƙa wucewa biyu-biyu, uku-uku, sun ci ado, za su ganin gara. Kowace a cikinsu za ta shiga ɗakin ta zauna a bakin gado, ta ga fuskarta. Na ji wata tana cewa an ce geron har buhu-buhu. Ban ɗaga kai ba.

Da zaman ya yi tsawo sai na juya ga allon. Na makarantar firamare ne, da sunan ƙauyen a ƙasa. Wannan dai ba gudu yake ba. Na bi shi baƙi-baƙi, ina zanawa a ƙasa da tsinke yadda malaminmu ya koya mana. Na ɓata, na share da tafin hannu, na sake. A ƙarshe na haɗa, na faɗa a hankali, sai na ji sunan da aka yi ta faɗa a gidana tun da aka fara maganar auren. Shi ne abu na farko da na karanta a bakin hanya ba tare da wani ya taya ni ba. Na waiga, mai faci yana hura taya. Babu wanda zan gaya wa.

La'asar ta yi sanyi kafin su fito. Na hau baya, yanzu babu buhunan da za a jingina. Ban yi tambaya ba, su suka fara.

Direba ya leƙo ya ce hanyar ba ta da kyau, da damina sai babur. Maƙwabcina ya ce rumbunan gidan uku ne kuma cike suke, rijiya tana cikin gida. Tela ya ce labulen ɗakin ɗinkin birni ne amma an karkata layi. Na jira. Ashe a zaure aka tsayar da su, samarin gidan ne suka shiga da buhunan, labulen ma a waya ya gani. Ko da na naɗa rawanin, iyakata zaure.

Tela ya miƙo mini wayar. Ƙanwata ce ta shiga da ita ta ɗauko hoton ɗakin. Ga gado, ga jeren kwanuka, ga tabarmar uwarta a jingine. Yarinyar ta ƙi tsayawa, ta ja mayafi ta kauce. Hannunta kawai ya fito a gefe, lallen ya fara koɗewa. Na daɗe ina kallon hannun. Ba a gane rama a hannu.

Sai da muka tsaya shan mai a Bici ƙanwata ta zagayo da kwano biyu ɗaure a ɗankwali. Ta ba Tela babban, ta ce furar hanya ce. Ƙaramin ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Yaya, wannan naka ne."

Na ce, "Wa ya ce mata na zo?"

"Tambayi Direba. Shi ya tsaya a ƙofar gida yana ihu, a yi sauri mun bar mutum a mararraba. Tana ji ta tashi ta ɗauko ludayi. Matan suna ce mata amarya ba ta aiki, ba ta kula su ba."

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce a ba wanda aka bari a hanya. Ta ce kuma kada a zuba masa cikin na mutane."

Na buɗe. Babu sukari, citta da barkono sun ji, kuma ba ta dama ta da laushi ba, ta bar gaya-gaya yadda nake so. Tela ya kai ludayi zai ɗanɗana, maƙwabcina ya buge masa hannu. Na juya musu baya na sha, ina kallon hanyar da muka fito.

Mun iso gida bayan isha'i. Kowa ya shige gidansa, ana yi masa sannu da zuwa. Na tura ƙofata, awaki suka taso da kuka. Na ba su ruwa, na wanke kwanon na kife a kan turmi.

Kwanon na gidan mijinta ne, ba namu ba. Ƙanwata ta ce in kawo ta aika da shi ranar kasuwa. Na ce ta bari. Kwanon mutane ba a riƙe shi, dole wani ya mayar, kuma idan amarya ta kwana biyu ba laifi ba ne uba ya tsaya a zaure a gaisa. Na jira aka yanke dawa, na jira aka gama sussuka. Ran da na shirya ban nemi Direba ba. Motar haya na shiga, na zauna gaba da kwanon a cinyata, ina duba alluna tun daga Bici.