Murfin Alƙalamin Yaya Sale

Da damunar bana Yaya Sale ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin sai yanzu na gane wani abu da ya faru a gaban idona, bayan wanda ya yi shi ya daɗe a kabari, wanda abin ya ƙona wa rai kuma tsufa ya riga ya cim masa.

Mu uku ne a wurin mahaifinmu, Baffa, a Gude. Yaya Ilu ne babba, shi ya tsaya ga gona da 'yan shanun da suka rage mana. Yaya Sale aka tura boko, ya zama malamin firamare, ya zauna a Gwarzo. Ni ce auta, Dije, kuma Yaya Sale ne ya tsaya kai da fata sai da aka bar ni na yi karatu, har ni ma na zama malama. Abin da aka san shi da shi daga Kabo har Getso shi ne kyan rubutu. Idan ƙarshen shekara ya zo, hedimastoci kan ɗauro takardun shaidar gama firamare a bayan babur su kawo masa, ya zauna a zaure yana rubuta sunayen yara ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa ɗaukar biro a bakin komai ba. Yana da wani baƙin alƙalami mai shan tawada, mai murfin farin ƙarfe, kuma ko matarsa Asabe ba ta taɓa shi sai da izini.

A kan murfin alƙalamin nan muka shafe shekaru muna musu. Ni a ganina, idan mutum ya cire murfi, ya maƙala shi a gindin alƙalamin ya huta: ba zai gangara ƙarƙashin benci ba, ba zai ɓata ba. Shi kuwa ya ce wannan aikin malalata ne. Wai murfin yana sa gindin alƙalami ya yi nauyi, ya riƙa ɗaga bakinsa daga takarda, sai hannu ya koma kokawa maimakon rubutu. Wai bakin murfin yana tsagewa in ana yawan danna shi. Wai kuma wanda ya ari alƙalami babu murfi ba zai sa shi a aljihu ya wuce ba, sai in yana so rigarsa ta sha tawada. Saboda haka murfin a tafin hannunsa na hagu yake zama har ya gama, ko da wuni zai yi yana rubutu. In ya kama ni na maƙala nawa, sai ya girgiza kai ya ce, “Dije, alƙalami ba jaki ba ne da za ki ɗora masa kaya.” A ƙarshe hannuna ya saba da irin nasa riƙon, amma a gabansa bakina bai taɓa yarda cewa ya fi ni gaskiya ba.

Wajen shekara huɗu kafin rasuwarsa, na shiga zaurensa wata ranar Asabar na tarar yana rubutun sunaye, murfi a maƙale a gindin alƙalami. Na tsaya na riƙe haɓa. Na ce, “Yaya, yau kuma jakin ne ya ɗauki kaya?” Ya yi murmushi, ya ajiye alƙalamin, ya tura hannunsa cikin riga, ya ce, “Na tuba, Dije. Ashe ke ce da gaskiya.” Ranar na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka. Duk wanda na gamu da shi sai na ba shi labarin yadda na ka da Yaya Sale a musu, shi kuma yana gefe yana taya ni dariya.

A cikin shekarar ne ya daina cin abinci a gaban mutane. Mukan haɗu a Gude duk Sallah da duk suna, Hansai matar Yaya Ilu ta dama fura a babbar ƙwarya da nonon shanunmu, maza su zauna a inuwa suna miƙa wa juna ludayi. Yaya Sale, wanda a da sai an ƙwace ludayi daga hannunsa, ya fara cewa ya ƙoshi. Wata rana ya ce cikinsa ne, wata rana ya ce yana azumin nafila, a ranar da ba Litinin ba ba Alhamis ba. Hannuwansa kullum suna cikin babbar riga, gaisuwarsa ta koma ta nesa-nesa. A wurinmu, wanda ya ƙi cin abincin gidan ɗan'uwansa sau ɗaya ana yi masa uzuri, amma in ya mayar da abin ɗabi'a, fassara biyu ce kawai: ko yana ƙyamar gidan, ko yana zargin za a sa masa wani abu. Lokacin kuwa an ƙara masa girma a wurin aiki, sai maganar ta sami gindin zama. Aka fara raɗe-raɗin cewa Malam Sale yana tsoron sammu daga gidan yayansa.

Ina wurin ranar da Yaya Ilu ya tare shi, ina leƙe daga ƙofar ɗakin Hansai. Ya ɗauki ludayi ya sha a gabansa, ya sake ɗiba ya miƙa masa, ya ce, “Sale, ga shi na sha ka gani. In kana zargin gidana da wani abu, faɗa mini ido da ido.” Yaya Sale ya ce, “Wallahi Yaya, babu komai a raina.” Yaya Ilu ya ce, “To karɓi.” Yaya Sale ya dubi ludayin, ya dubi mutanen da ke zaune, bai fito da hannunsa ba. Yaya Ilu ya mayar da furar cikin ƙwarya, ya tashi ya nufi garke. Daga ranar bai ƙara taka gidan ƙanensa ba sai ranar da zazzaɓin damuna ya ɗauke Yaya Sale. Ya zo aka yi jana'iza da shi, ya zauna zaman makoki, amma ko ruwan gidan bai sha ba. Tun daga nan kuma bai ƙara kiran sunan Sale ba. In ta kama dole sai ya ce “ɗan bokon nan”.

Nakan zauna in tambayi kaina me Yaya Sale zai ce da ya ga yau. Na'ura ce ke buga sunayen yara a takardun shaida, kuma na tabbata da ya ga yadda take tsara su duk iri ɗaya, da ya ce babu rai a ciki. Malaman da na yi aiki da su rabinsu ba su taɓa riƙe alƙalami mai shan tawada ba, balle su yi musu a kan murfinsa. Amma abin da zai fi ɗaure masa kai shi ne yadda mutum yanzu zai kwanta a gadon asibiti ya ɗauki hoton kansa da robar ƙarin ruwa a hannu, ya watsa a waya yana neman addu'a. Da ya ce wannan rashin kunya ne. Ni ma da haka nake cewa, domin an rene mu ne a kan cewa ciwo abin ɓoyewa ne, kuma ɗan gidanmu ba ya nuna gazawa a gaban jama'a. Yanzu ban san wanne ya fi ɓarna ba, nasu tallan ko namu ɓoyon.

Bara, bayan na yi ritaya, na zauna ina rubutu da alƙalaminsa, wanda Asabe ta ba ni bayan rasuwarsa. Sai na ga harufan suna fita da 'yan ƙahoni, layin yana rawa. Na ce gajiya ce. Bayan 'yan makonni na dubi hannuna na hagu na ga babu komai a ciki. Murfin yana gindin alƙalami, kuma ban san lokacin da na maƙala shi ba. Hannuna ne ya nemi nauyin da kansa, domin in alƙalamin ya ɗan yi nauyi, karkarwar tana lafawa, rubutun ya miƙe. Na daɗe ina kallon murfin nan. A watan ne kuma, a wurin wani suna, aka miƙo mini kofin kunu cike, na ji bakina ya ce, “Na ƙoshi.”

Na tafi wurin Asabe na tambaye ta. Ta fashe da kuka, ta ce ya sa ta yi rantsuwa ba za ta faɗa wa kowa ba. A ɗaki yake cin abinci shi kaɗai, ƙofa a rufe, ita ke wanke rigunan da miya ta ɓata. Yana tuna yadda hannun Baffa ya riƙa rawa a ƙarshen rayuwarsa, har yara suna kwaikwayonsa a bayan danga. Mutumin da ƙasar nan duka ta san shi da hannunsa, ta ce, ya gwammace a kira shi mai girman kai da a ga fura tana zubar masa a gemu. Likitan da na gani a Kano ya ce mini wannan rawar hannu tana bin jini, ba ta kisa, kuma akwai maganin da ke rage ta. Wannan magana ta fi ciwon kanta yi mini zafi.

Abin da ya rage shi ne Yaya Ilu. Na san halinsa: in na je masa da baki kawai, zai ce ina wanke ɗan'uwana ɗan boko ne. Ba zai yarda ba sai ya gani, kuma abin da zan nuna masa shi ne abin da ni ma na shafe watanni ina ɓoyewa a cikin mayafi. Na yi ta ɗaga tafiyar. Sai da gero ya fara fitar da kai na hau mota zuwa Gude.

Na same shi a inuwar nan dai, ya rame, gemu ya yi fari tas. Muka gaisa, na tambayi shanu, ya tambayi yara. Hansai ta kawo fura ta ajiye a gabana, jikoki da surukai suna kaiwa da komowa a tsakar gida. Na fito da hannuna na ɗauki ludayi. Kafin ya kai bakina rabin furar ta zube a zanena, sauran ta gangaro mini a haɓa. Na ce, “Yaya, haka hannun Yaya Sale ya koma. Abin da ya hana shi karɓar ludayinka ke nan.”

Yana kallon hannuna, ni kuma na bar shi a fili yana ta rawarsa. Can ya ce, “Irin na Baffa.” Na ce, “Irin na Baffa.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ashe da yunwa yake komawa Gwarzo.” Sai ya matso ya karɓi ludayin, ya ɗebo fura, ya kai mini baki da hannunsa, yana cewa, “Da ya faɗa mini, ai da haka zan riƙa yi masa. Ni na goya shi fa. Allah Ya jiƙan Sale.” Na sha ina hawaye, Hansai ta juya ta shige ɗaki.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Sunan ya dawo bakin Yaya Ilu, amma yanzu shi ne ba ya iya cin abinci sosai, Hansai ta ce yakan zauna ya zuba wa ƙwarya ido har ƙudaje su taru. Na sauke masa fushi na ɗora masa nadama, kuma har yau ban tabbata wanne ya fi sauƙin ɗauka ga tsoho ba. Ina jin haushin Yaya Sale a kan wannan, ina kuma kewarsa, kuma duka biyun gaskiya ne.

Rubutunsa yana nan a ƙasan akwatunan mutane daga Kabo zuwa Getso, sunaye a miƙe, babu wanda zai duba ya gane waɗanne ya rubuta da murfi a hannu, waɗanne kuma ya rubuta yana kokawa da yatsunsa. Musunmu kuwa ban ci shi ba. Shi ne da gaskiya tun farko: hannu mai lafiya ba ya bukatar a ɗora wa alƙalami kaya. Da alƙalaminsa na rubuta wannan, murfin a gindi, kuma jiya jikata ta leƙo ta ce, “Kaka, ba ke kika ce ba a maƙala murfi ba?” Na ajiye alƙalamin, na ji hannuna ya nufi cikin mayafi. Sai na dawo da shi na ɗora a kan tebur, na ce mata ta zo ta gani.