Hotunan da Zulai Take Tura wa Ɗan Farinta

Ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun wata riga, hantsi ya ɗaga, sai wayata ta yi ƙara. Kausar ce, ɗiyar ƙawata Zulai, daga Shagari. Kafin ta yi magana na jiyo kukan mata a bayanta. Ta ce, "Inna Hussaina, Allah ya yi mata rasuwa." Na yi salati, ƙafata na kan keken na kasa saukewa. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne, "Maniru ya iso?" Ta ce a'a, yanzu motarsu ta baro Jega.

Maniru ɗan farin Zulai ne, yana sayar da albasa a Legas. Ya girma yana zaton mahaifiyarsa ba ta damu da shi ba, ita kuma ba ta da abin da take tunani dare da rana kamarsa.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu Zulai a Boɗinga. Tare muka yi makarantar allo. Ni aka sa ni firamare, ita ba a sa ta ba. Da ta auri Malam Haliru, manomin albasa, aka kai ta Shagari, ni na zauna gida na koyi ɗinki. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, hannunta kullum da ƙamshin suya. Mace ce mai baki. Ba ta bar kowa ba, har surukarta takan tsokana. In na je da sabon ɗinki sai ta juya ni ta ce, "Husai, wagga riga ke kinka ɗinka ta ko akuya ta tauna?"

Mutum ɗaya ne bakin nan yake mutuwa a gabansa. Kunyar ɗan fari ta kama Zulai fiye da duk matar da na sani. Ana yaye Maniru kakarsa ta ɗauke shi zuwa Horo Birni, can ya tashi. In ya zo Shagari yakan durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ina kwana," domin da wannan sunan ya ji ƙannenta suna kiranta. Ita kuwa sai ta dubi bango ta amsa ciki-ciki, ta ce wa ƙannensa, "Ku ce ma yaron ga hura na nan ɗaki." Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Sai ya juya zai fita take bin ƙeyarsa da kallo.

Da ya tafi Legas ya fara samu, sai ya aiko mata da babbar waya ta hannun wani direba. Ya yi haka ne don su riƙa magana. Amma duk ranar da ya kira, sai ta miƙa wa Kausar, ta koma gefe tana tsintar gyaɗa, kunnenta na wurin. Wata sallah ya biyo ta wurina a Boɗinga, ya zauna kan benci yana wasa da almakashina. Ya ce, "Inna Hussaina, ni ban san mi na yi ma Yaya ba. Kowa tana raha da shi, ban da ni." Na ce kunya ce. Ya ce, "Kunya har cikin waya?"

Ni na koya mata sitika, ƙananan hotunan nan da ake tura wa juna a waya. Muna da gurup na matan unguwarmu, can nake kwaso su: tsohuwa riƙe da muciya, jariri mai kumbura baki, akuya da tabarau, kyanwa mai leƙe ta kan katanga. Zulai ba ta karanta boko, amma hoto ba ya buƙatar malami. Cikin mako ɗaya ta fi ni. In na yi jinkirin amsa mata, tsohuwa mai muciya za ta iso. In na tura mata hoton tuwona, jariri mai kumbura baki ne amsar.

Lambar Maniru ba suna a kanta. Ta sa Kausar ta maƙala hoton albasa a wurin sunan, da shi take ganewa. Wata rana ina Shagari muna zaune gindin darbejiyar tsakar gidanta, na ga ta daɗe tana kallon albasar nan. Sai ta danna kyanwa mai leƙe, ta tura, ta kife wayar a ƙarƙashin faifai kamar wadda ta yi sata.

Na ce, "Zulai! Magana kike yi da shi?"

Ta ce, "Wace magana? Kin ji bakina? Kyanwa ta, ba ni ba."

Ba a jima ba wayar ta yi motsi. Maniru ne ya turo hoton kwanon abincin da ke gabansa. Ta buɗe da yatsu biyu, ta ƙara girmansa, ta ce, "Dubi miya, ruwa tsululu. Wagga ita suka ci can?" Sai ta ja hoton zuwa gefe, inda hannunsa ya ɗan fito riƙe da cokali. Ta goge gilashin da bakin mayafinta ta ce, "Ya rame."

Daga ranar suka samu hanyarsu. Ita ta tura kyanwa, shi ya turo abin da yake ci. Ranar Juma'a ta tura masa fure mai ƙyalli, shi ya turo masallacin da ya yi salla. In an yi ruwa ta ɗauki hoton tsakar gida, ya turo nasu ruwan da ya cika titi. Ranar da ya turo hotonsa da gashi ya taru, tsohuwa mai muciya ta tura masa har sau da yawa. Washegari sai ga hoton kai an aske tas. Ta kira ni tana dariya har da tari. Shekaru suka yi a haka, ba wanda ya rubuta kalma, ba wanda ya aika murya.

Bara da damina ƙafafunta suka fara kumbura. Aka kai ta asibiti Sakkwato, aka dawo, aka koma. Ta daina suyar ƙuli. Duk wanda Maniru ya kira a gida sai ya ce masa jiki da sauƙi, don haka muke cewa ko mutum na kwance. Ita ma ta hana a gaya masa gaskiya, wai lokacin ciniki ne, kada a tayar masa da hankali.

Amma hotunan da take tura masa suka canza. Ta daina tura kyanwa. Ta tura masa hoton ƙwaryar da ake dama masa fura in ya zo, a wanke, a kife. Ta sa aka share ɗakin da yake sauka, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta tura hoton ƙofar a buɗe. Ta sa Malam Haliru ya ɗauko mata hoton bakin titi inda motocin Kudu suke sauke mutane. Maniru ya ɗauka wasan da suka saba ne. Ya turo mata sitikar wani mutum mai ƙaton ciki yana birgima don dariya. Ta nuna mini ta ce, "Kin gani, dariya shikai." Ta yi murmushi, ta juya fuskarta bango.

Na ce bari in kira shi. Ta ce in na kira shi ba ni ba ita. Na koma Boɗinga da abin a cikina, na ɗinka wuyan riga a baibai, na farke. Haka muka yi ta ja har zuwana na ƙarshe. Ranar, tun ina cikin motar komawa gida na kira shi na ce ya taho. Washegari ya hau mota. Kwana ya yi a hanya, ita kuma ba ta jira ba.

Malam Haliru ya ce a dakata da jana'iza, aka dakata. Maniru ya sauka da ƙurar hanya a jikinsa, ya samu salla, ya kama makara. Bayan kwana uku, da mutane suka ragu, ya same ni gindin darbejiyar nan. Ya buɗe wayarsa yana ja sama, hoto bayan hoto, ba rubutu ko ɗaya. Ya tsaya kan ƙwaryar ya ce, "Inna Hussaina, wagga mi take nuhi?" Na gaya masa. Ya tsaya kan ƙofar, na gaya masa. Bai tambaye ni ta bakin titi ba. Ya ajiye wayar ya ce, "Ita tac ce ki kira ni, ko ke kinka ga dama?"

Zulai ta ja mini kunne a kan wannan. Amma na dubi yaron, na ga in na ɓoye masa, da wannan tambayar zai tsufa. Na ce a zuciyata, ƙawata ki yafe mini. Na ba shi labarin rabuwarmu, ban rage komai ba.

Bayan la'asar ne. Tana kwance kan tabarma, wayar na gefen matashinta. Na shafa mata man zafi a ƙafa, na ɗaura mayafina zan tafi. Ta dube ni ta ce, "Wanga mayahi ya girme ki, Husai. Ki ba mabuƙata."

Na ce, "Ke kika ba ni shi, marar kunya."

Ta yi dariya kaɗan, numfashinta ya sarƙe. Na jira ya daidaita, na tsuguna kusa da kanta na ce, "Zulai, don Allah. In kira shi?"

Ta rufe ido ta ce, "Waya taki ta. Ni mi nawa ciki?"

Na tashi. Na kai bakin ƙofa, na ɗaga labule, sai ta ce, "Husai."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "Ki ce shi taho. Kak ki ce ni nac ce." Ta ɗan huta, ta ƙara da cewa, "Kuma kak shi sha hura kahin shi hau mota. Tun shina ƙarami mota na juya mai ciki."

Na ce, "Ya aka yi kika sani, ke da ba ki riƙe shi ba?"

Ta ce, "Tahi, mota za ta bar ki."