Babu Gurbin Gwaggo a Takardar

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi tana tsaron ban-ɗakin kasuwa. Bayan rasuwar mijinta ta karɓi aikin, da shi ta raini 'ya'ya uku. Warin wurin bai taɓa damunta ba. Abin da ke tayar mata da zuciya shi ne ta ga mutum ya fito, ya wuce famfo da sabulu, ya goge hannu a riga, ya koma yana damƙar abin da jama'a za su ci.

Ba ta tsayawa cacar baki. Bin mutum take har rumfarsa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta zuba wa hannunsa ido. Masu saye su dube ta, su dubi hannun, su ajiye kaya. Mai burodi ya fi kowa shan wannan tsayuwa.

"Haba Gwaggo, wai aurena kike so ne?"

"Allah ya sawwaƙe. Je ka wanke, ƙazamin banza."

A hankali kowa ya bi layi.

Da ofishin lafiya ya ji an fi wanke hannu a wannan kasuwa, sai ya turo wata jami'a da takarda. Ana rarraba dabarun canza halin mutane gida-gida ne. Dabarar da ta samu gurbi a takardar, a ci gaba da ita, wadda ba ta samu ba a soke, a sauya wa mai ita aiki.

"Mama, wayar da kai kike yi?" in ji jami'ar.

"Wa bai san abin da ya taɓa ba?"

"Lallashi fa? Ko kyauta?"

"In ba ƙato kyauta don ya wanke kashinsa?"

"To, hukunci ke nan. Shi kuma sai da doka, ke ba ki da ita."

Daga nesa jami'ar ke magana, hankici a hanci, ko bakin ƙofa ba ta taka ba. Can ta hango fostar ofishinsu a bango, hoton hannuwa cikin kumfa. Fuskarta ta washe, ta yi maki a gurbin fosta.

"Waccan?" in ji Gwaggo. "'Yar nan, matso ki gani, rabinta babu. Kin san abin da suke yi da wanda suka yaga in ruwa ya ɗauke?"

"Babu wurin rubuta wannan, Mama."

Bayan wata biyu rahoto ya fito, wai fosta ce ta yi aiki. Aka liƙa sababbi, aka mayar da Gwaggo shara a tashar mota, inda take hango ƙofar ban-ɗakin.

Ranar farko ta tsaya da tsintsiya tana kallo. Wata mai yanka kankana ta fito hannu a bushe, ta koma ta ɗauki yanki ta miƙa wa wata mai goyo.  Gwaggo ta tofar da yawu, ta tura ƙasa ta rufe shi, ta juya wa ƙofar baya.